Tsagen Arewa da na'urar leza: tabo na dusashewa, amma ba ya ɓacewa

A Sukukutane da sauran garuruwan Arewa na jihar Doso, tsagen fuska ya daɗe yana zama shaidar asali. Da ganin layukan da wanzami ya ja a kumatu, an san mutum Ba'are ne. Sai dai matasan da karatu ko ci-rani ya kai Yamai, Legas ko Turai suna yawan cin karo da tallan shagunan gyaran fata masu alƙawarin goge kowane irin tabo da na'urar leza.

Leza haske ne mai ƙarfi da ake tattarawa wuri guda. Theodore Maiman ya ƙera ta farko a Amurka a 1960. A 1983 Rox Anderson da John Parrish suka nuna cewa idan aka zaɓi irin hasken da ya dace, aka kuma taƙaita lokacin haskawa, za a iya ƙona abin da ake nufi kaɗai, naman da ke gefe ya tsira.

Wajen cire gashi, sinadarin melanin mai ba gashi baƙi ne ke zuƙe hasken, zafin ya kashe saiwar. Wannan na taimaka wa masu fama da ƙurajen aski. Tabo kuwa, na'urar CO2 ce ke huda fata da ƙananan ramuka, jiki ya gina sabon nama a wurin. Da haka tsage kan cike kaɗan ya dusashe bayan zuwa sau da dama, amma mai zurfi ba ya gogewa gaba ɗaya.

Haɗarin ya fi yawa ga baƙar fata, domin ita ma cike take da melanin. Na'urar da ba ta dace ba na iya ƙona fuska, ta bar baƙin tabo ko fari. Shi ya sa wajen cire gashi likitoci suka fi amfani da Nd:YAG, wadda haskenta ke ratsa saman fata ba tare da ya zauna a kai sosai ba.

Wanda rauninsa ke warkewa da tudun nama, ko mai shafa man bilicin, dole ya sanar da likita tun kafin a fara. Kuma likitan fata ne ya kamata ya duba fuskar, ya faɗi iya abin da na'urar za ta iya yi kafin a biya ko dala.