Doka da Halin Kirki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa akan kawo wa hakimi ƙarar mutumin da ya aikata abin kunya, amma in aka bincika sai a tarar babu dokar da ya karya. Wani lokaci kuwa akan kama wanda ya karya doka, alhali jama'ar garinsu ba su ɗauke shi mugu ba. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su fahimci inda doka da halin kirki suka haɗu, da kuma inda suka rabu.

Inda suka haɗu

A shekarar 1958 Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kira waɗansu masana shari'a zuwa Kaduna domin su ba da shawara kan gyaran kotuna. Shugabansu shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Bisa shawararsu aka tsara Kundin Hukuncin Laifuffuka na 1959, watau Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinsa daga na Sudan, amma ba a yi watsi da abin da mutanen Arewa suke ƙyama ba. Sashe na 387 da na 388 sun sa zina cikin laifuffuka ga wanda al'adarsa ta ɗauke ta laifi, sashe na 403 kuwa ya hana Musulmi shan giya. A nan doka ta bi sawun tarbiyyar jama'a.

Inda suka rabu

Tsarin Mulki na 1960 ya ƙulla cewa ba za a hukunta kowa kan laifi ba sai laifin yana rubuce cikin doka. Wannan ƙa'ida tana nan a sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999. Shi ya sa a 1961 Babbar Kotu a Jihar Yamma ta soke hukuncin da wata kotun gargajiya ta yanke wa wata mace kan zina, domin can ba a rubuta ta cikin doka ba. Ba wai kotun ta ce abin yana da kyau ba ne. Rowa da butulci da gulma duka munanan halaye ne, amma maganinsu nasiha, ba kurkuku ba.

Akwai kuma abin da doka ta hana ko da yake asalinsa ba zunubi ba ne. Misali yana nan a ƙasar Doguwa da Tudun Wada. Farauta da saran itace sana'o'i ne na halal tun kaka da kakanni, amma a Dajin Falgore, wanda Gwamnati ta keɓe, an hana su sai da izini. Dalili kuwa shi ne, in kowa ya sari abin da ya ga dama, daji zai ƙare, ƙasa ta zaizaye, yashi ya cike Kogin Kano da madatsar Tiga, manoman rani na nesa su cutu. Wanda ya gane haka zai ga kiyaye wannan doka ma halin kirki ne.

Aikin hakimi

Tun 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e, hukunci ya zama na alƙali kaɗai. Ko da Jihar Kano ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci a 2000, da Hukumar Hisba a 2003, sai da aka rubuta su aka zartar a majalisa.

Don haka in ƙara ta zo, malamin hakimi ya fara tambaya: wace doka aka karya? In akwai, a miƙa maganar ga 'yan sanda ko kotu, kada a rufe ta don kunyar wani babba. In babu, hakimi ya tara dattawa da liman, ko shugaban addinin masu rigimar, a yi sulhu, ba tara ba tsarewa. Wannan ya fi muhimmanci a wuri kamar Riruwai, inda haƙar kuza ta tara mutane masu addini da al'adu dabam dabam.

Doka ba ta tsayawa sai da shaidu masu gaskiya da ma'aikatan da ba su karɓar hanci. Hakimin da ya tsare kansa, talakawansa za su tsare doka.