Sylvester Okpe: Ɗan Wasan Kurket a Ƙasar Masu Ƙwallon Ƙafa

Shiga gidan kallo a Birnin Kudu ko Gwaram ka tambayi matasa kyaftin ɗin Super Eagles, kafin ka rufe baki an ba ka amsa. Tambaye su wanda ya jagoranci Nijeriya zuwa gasar kurket ta duniya, sai kallon-kallo. Sunansa Sylvester Okpe, kuma tarihinsa na nuna irin hawan da ke gaban ɗan wasan da ƙasarsa ba ta yi suna a wasan ba.

Kurket wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Mai jifa yana auna sanduna uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu yana kare su da faffaɗan katako, yana dukan ƙwallo ya ruga don tara maki. A gajeren salon da ake kira T20, kowane ɓangare yana da jifa 120, a tashi cikin kamar awa uku. Okpe mai jifa ne, irin masu murza ƙwallo da yatsu ta sauya hanya bayan ta taɓa ƙasa.

A watan Maris na 2019, a birnin Windhoek na Namibiya, ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 19 suka lashe duk wasanninsu na share fage, har da doke masu masauki da Kenya da Uganda. Da wannan Nijeriya ta samu gurbi a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 karo na farko, wadda aka yi a Afirka ta Kudu a farkon 2020. Can suka faɗa rukunin Ostireliya da Ingila da West Indies, suka sha kashi a wasanni ukun. Sun doke Japan, suka ƙare a matsayi na 15 cikin ƙasashe 16.

Rashin gogayya ne ya jawo wannan rata. Matashin Ingila yana tasowa cikin ƙungiyoyi masu albashi, da filaye masu kyau, da wasanni duk kaka. Na ƙaramar ƙasa yakan yi watanni yana jiran gasa ɗaya ta mako guda, ga karatu ko neman abinci a kansa. Sauƙin da aka samu shi ne, tun daga Janairun 2019 hukumar kurket ta duniya, ICC, tana lissafa duk wasan T20 na maza tsakanin mambobinta a matsayin cikakken wasan ƙasa da ƙasa. Nijeriya, wadda ta zama mamba a 2002, ta ci moriyar hakan. Okpe ya haura babbar tawaga, ya zama kyaftin, yana cikin waɗanda suka tara maki 271 a kan Kwaddebuwa a Nuwamban 2024, suka kuma kore ta da maki 7 kacal, mafi ƙaranci a tarihin T20 na maza tsakanin ƙasashe.

Mata ma sun taka rawa: tagulla a Wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024, sannan a Janairun 2025, a Maleshiya, 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da ratar maki biyu.

Wasan ba baƙo ba ne a Arewa. An buga shi a Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, ya bi makarantar zuwa Kaduna, daga nan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A makarantun kwana ya rayu, da aka yi sakaci da wasannin makarantu shi ma ya dusashe. Amma wasan na iya tashi daga ƙasa: Afganistan, alal misali, a sansanonin gudun hijira na Pakistan 'ya'yanta suka koye shi. A 2008 tana rukuni na biyar na ƙananan ƙasashe. A 2024 Rashid Khan ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar T20 ta duniya.

Kudancin Jigawa yana da abin da ake fara wasan da shi: makarantu masu fili, irin su Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da sakandarorin Gwaram, da yara masu ƙarfin dantse. Katako, ƙwallon tanis da sanduna sun isa mafari. Abin da ya rage shi ne malamin wasanni da aka horar, da gasa tsakanin makarantu kowane zangon karatu, lokacin rani da filaye suke a bushe. Kurket zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karo na farko tun 1900, kuma masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ba sa ganin yaron da jiharsa ba ta tura tawaga ba. Aikin ma'aikatar ilimi da hukumar wasanni ta jiha ne su tura ta.