Maraɗi: fili mai araha, zama mai tsada

A Maraɗi, in mace ta ce gidan da ta koma babu daɗi, sau da yawa ba ginin take nufi ba, unguwar take nufi.

Tsofaffi sun ga haka tun 1945, shekarar da Gulbin Maraɗi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin fadama. Turawan mulkin mallaka suka maido garin bisa tudu, suka shata tituna miƙaƙƙu. Amma Bagalam, Mokoyo, Limanci, Ƴandaka, Maradawa da Ɗan Gulbi duk sun hau tudu da sunayensu. Ruwa ya tafi da gidaje, bai tafi da zumunci ba.

Yau kuwa ɗaiɗai ake tashi. Haya ta yi tsada cikin gari, sai maigida ya sayi fili can bayan gari inda aka yi sabon lotisma. Gida naka na kanka, wa zai ƙi? Sai dai akwai lissafin da ba a yi, kuma galibi kan mata yake faɗawa. Mai ƙosai ko mai fura, maƙwabta ne kasuwarta. Ta san wanda za ta ba bashi, ta san wadda za ta bar wa yara in za ta biki, ta san uwar adashenta. Ranar da ta tashi, wannan jarin ba ya shiga amalanke. A sabon wuri, kafin pampo ya iso sai ta dogara da ɗan ga-ruwa, zuwa Babbar Kasuwa sai kabu-kabu, ribar yini ta ƙare kan hanya. Ga kaɗaici: ka yi sallama, kango ne dama da hagu.

Tsohuwar unguwa ma tana da nata: cunkoso, kwata da ta toshe da leda, sauro da masassarar yara. Damanar 2024 ta tona asirin gine-ginen ƙasa. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, aka tsugunar da iyalai cikin azuzuwa, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba.

Don haka mai niyyar sayen fili, kada ya tafi duba shi da rani. Ya bari sai watan Agusta, washegarin babban ruwa, ya tafi da uwargida ta ga inda ruwa ke kwana, ta ƙirga gidajen da hayaƙi ke tashi.