Mantiƙi da Ma'anar Kalma: Jarin Mai Koyo da Girma

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Wannan magana ta dace ƙwarai da mantiƙi, watau ilmin auna hujja. Ko a zaurukan malamai, sai wanda ya yi nisa a fiƙihu da nahawu ne kan buɗe Sullamu na Ahalari. Fannin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare shi sa'ad da Suyuɗi ya haramta shi.

A 1781 wani Bajamushe masanin falsafa, Kant, ya kasa zance gida biyu. Kashi na farko, gaskiyarsa tana cikin ma'anar kalmominsa. Alal misali, in an ce tuzuru bai taɓa aure ba, ba sai an zaga gari ana tambaya ba, kalmar da kanta ta yanke hukunci. Kashi na biyu kuwa sai an bincika, kamar a ce tuzuru ba ya tara dukiya.

A nan babba ya fi yaro jari, don ya san bambancin tuzuru da gwauro, da na budurwa da bazawara. Amma a nan kuma tarkonsa yake. Abin da ya daɗe yana ji, kamar a ce maraya ba ya jin daɗi, sai ya ɗauka ma'anar kalmar ke nan, alhali ra'ayin jama'a ne kurum. Saboda haka aikinsa na farko shi ne ya auna kowane zance: shin ƙamus ke tabbatar da shi, ko kuwa sai an je an gani?