Gadar Jebba da Ruwan Ƙasarmu

Mu da muka tashi a Jabo, cikin ƙasar Tambuwal, mun saba da gulbin da yakan cika da damina, in rani ya yi yara su tsallake shi da ƙafa. Shi ya sa in malami ya ce wa 'yan makaranta Kwara kogi ne babba, sai su ɗauka kamar namu ne ya ƙara faɗi kaɗan. Mu ma haka muka zata, sai ran da muka tsaya bisa tudun Jebba.

Daga nan mutum zai ga kogin ya rabu biyu, tsibiri na tsakiya, gadar jirgin ƙasa ta dafa tsibirin ta ƙetare. Hanyar jirgi daga Ikko ta iso nan a 1909, amma sai a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko aka gama gadar. Kafin nan ɗora taragai ake yi bisa jirgin fito a haye da su.

In ka dubi wajen da ruwan ke fitowa, ga wani dutse tsaye cikin kogi, wanda Nufawan dā suke jin tsoronsa. Kusa da shi ne jirgin ruwan nan Dayspring ya fashe a 1857, da Likita Baikie da Samuel Crowther a ciki, amma suka tsira. Daga baya aka tsamo ƙarafunansa, aka ajiye a tashar Jebba don masu kallo. A tsibirin kuwa an gina hasumiya don tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, da Richard Lander, wanda ya bi kogin har teku a 1830.

To, ina ruwan mutumin Jabo da wannan? Ruwansa kuwa na nan ciki. Ruwan saman da ya zuba a gonakinmu yakan gangara rafi, rafi ya kai shi gulbi, gulbin Kabi ya zuba cikin Kwara, ya ratsa Yawuri da tafkin Kainji, sa'an nan ya wuce ƙarƙashin gadar nan. Tambayar inda ruwan ke ƙarewa na cikin abin da ya kawo Clapperton Sakkwato a 1824, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasa.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa masu koyon malanta, kada mu fara labarin ƙasa daga allo. Mu fita da yara bakin rafin garinsu, mu tambaye su, "Ina ruwan nan za shi?" In sun rasa amsa, a sa'an nan ne za su saurara. Allah ya sa mu koyar da abin da muka sani.