Aska Takwas da Kakar Auduga

A ƙasar Funtua da Malumfashi, kuɗi kan shiga hannun manomi da kaka, in ya sayar da auduga da masara. Sa'an nan yakan nemi babbar riga. To, akwai malamin da kan zana aska takwas, ya ɗinka, ya ga zare guda ya karkace, ya warware, har wasuwasi ya hana shi ɗaukar allura. Kafin ya gama, damina ta sauka, kuɗin sun tafi ga taki. Maganinsa ya karɓi kafin alƙalami, ya yanka wa'adi, ya rataye gamammiyar riga a zaure, dillali ya kai wata kasuwa. Kamala ta Allah ce. Mai sana'a dai ya kyautata aiki, ya sallama.