Gundumar Da Ba Ta Da Majalisar Kanta: Mene Ne Matsayinta?

Sau da yawa mutanen karkara sukan ɗauka gunduma da ƙaramar hukuma abu ɗaya ne. Wannan ruɗani yakan sa manomi ya ɓata yini guda a ƙofar da ba ita ke da maganin damuwarsa ba. An shirya wannan takarda domin jama'ar ƙasar Kunci da maƙwabtansu su san bambancin.

Yadda abin yake a dā

A zamanin En'e, Sarkin Kano da majalisarsa su ke riƙe da mulkin ƙasa duka. An raba ƙasar gunduma gunduma, kowace da hakiminta, ƙarƙashinsa dagatai da masu unguwa. Hakimi ke tara haraji da jangali, ya kai baitulmali a Kano. Dokar En'e ta Jihar Arewa ta 1954 ta ba da damar kafa majalisun gunduma da na ƙauyuka, amma ikonsu aro ne daga En'e, ba nasu na kansu ba.

A 1976 aka yi babban gyara. Aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a Nijeriya duka, aikin mulki ya bar hannun En'e ya koma gare su. Gwamnatin Abubakar Rimi kuma, wadda ta hau a 1979, ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Tun daga nan hakimi ya zama uban ƙasa, ba mai riƙe da kuɗin jama'a ba.

A tsarin 1976 ƙasar Kunci ba ta sami majalisar kanta ba. Sai cikin shekarun 1990 ta samu, sunanta kuwa yana cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano da aka jera a Tsarin Mulki na 1999.

Abin da gunduma take da shi, da abin da ba ta da shi

Gunduma tana da suna, da iyaka, da hakimi. Amma ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa, ba ta da baitulmali, ba ta kafa doka, ba ta kuma samun kaso daga asusun Tarayya. Tsarin Mulki bai ambace ta ba. Dokar jiha da tsarin masarauta su ke riƙe da ita. Saboda haka ƙaramar hukuma ɗaya tana iya ƙunsar gunduma fiye da ɗaya, naɗa sabon hakimi kuwa ba ya haifar da sabuwar majalisa.

Ga misali. A 2019 aka kafa Masarautar Bici, aka sa Kunci cikinta. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar da ta kafa ta. Duk wannan kai da kawowa bai taɓa iyakar ƙaramar hukumar ko ayyukanta ba, domin layin sarauta daban, layin majalisa daban.

Ba a ƙasar nan kaɗai ake samun haka ba. A Ingila an rushe majalisar lardin Berkshire a 1998, aka raba aikinta ga ƙananan majalisu shida, amma sunan lardin da iyakarsa suna nan.

Wace ƙofa za a nufa?

Kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da ƙananan hanyoyi suna cikin ayyukan da Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma. Tana kuma da hannu cikin makarantun firamare, da asibitocin karkara, da aikin gona. Wanda ke da kuka a kan ɗayansu, kansilan mazaɓarsa zai fara nema. Bisa Dokar Filaye ta 1978, ita ce kuma ke ba da izinin riƙe gona a ƙasar da ba birni ba.

Rigimar iyakar gona kuwa, ko saɓani tsakanin manomi da makiyayi, akan fara kai ta gaban mai unguwa, sa'an nan dagaci, sa'an nan hakimi. A ƙasa irin ta Kunci, inda gona ke jingine da gona, su suka san tarihin kowane fegi. Amma aikinsu sulhu ne da shaida. In sulhu ya ƙi, hukunci na kotu ne.

Yadda gunduma ke samun majalisa

Hanyar tana da tsawo. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun nema, kashi biyu cikin uku na jama'ar wurin sun amince ta ƙuri'ar raba gardama, galibin majalisun ƙananan hukumomin jihar sun yarda, Majalisar Dokokin Jiha kuma ta zartar da kashi biyu cikin uku. Bayan haka sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunan cikin jerin Tsarin Mulki. Jihar Legas ta kafa sababbi 37 a 2003, amma a 2004 Kotun Ƙoli ta ce ba su cika ba sai an yi wannan mataki na ƙarshe. Har wa yau adadin ƙananan hukumomin ƙasar 774 ne.

In kuwa ƙaramar hukuma ce kanta ta zauna ba zaɓaɓɓiyar majalisa, wannan wata magana ce. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa mulkin kantoma ya saɓa wa Tsarin Mulki, kuma zaɓaɓɓun majalisu kaɗai suka cancanci karɓar kason Tarayya.

Abin lura

Mutumin gundumar da ba ta da majalisar kanta bai rasa haƙƙinsa ba. Yana da ƙuri'a, yana da kansila, yana da rabo cikin kuɗin ƙaramar hukumar da ƙauyensa ke ciki. Ya girmama hakiminsa, amma in rijiya ta rushe ko rufin makaranta ya yaye, majalisa zai tambaya, gama ita aka ba kuɗin.